Yadda ƙanena ya koma karatu da tsinin hancinsa

A hutun zangon da ya wuce na koma gida na tarar ɗan gwaggona, wanda muka tashi ɗaki ɗaya da shi har nake ce masa ƙanena, ya sa an kwashe littattafansa an cusa a buhu. Shekararsa 17. Yana aji biyu na babbar sakandare wata mota ta bugi babur ɗin da ya hau zuwa makaranta, ya samu rauni a laka daidai wuya. Bayan ya yi watanni a asibiti aka sallamo shi a kan keke. Magana tangaram yake yin ta, yana juya kai, yana ɗaga kafaɗa, amma yatsunsa ko cokali ba sa riƙewa, balle biro.

Na tambaye shi abin da littattafai suka yi masa. Bai ko dube ni ba ya ce, "Yaya, a bai wa masu hannu. Jarrabawar JAMB da kwamfuta ake yin ta. Ni da me zan danna?"

Ina aji biyu a jami'a, kuma ilimin kwamfuta nake karantawa, amma ranar nan na rasa abin ce masa. Kunyar wannan shirun ce ta sa na duƙufa bincike. Abin da na samo, da abin da muka gwada ni da shi, shi na kawo muku a wannan mako, domin da wuya a rasa irin ƙanena a unguwarku ko a makarantarku.

Kwamfuta ba ta san hannu ba

Ku lura da abin da hannu ke yi idan mutum ya zauna gaban kwamfuta. Aiki biyu ne kacal: nunawa da zaɓa. Ka ja linzami, kibiya ta tafi inda kake so, sai ka danna. Rubutu ma haka yake, zaɓen harafi ne ɗaya bayan ɗaya. Ita kwamfuta saƙo kawai take karɓa ta waya ko ta iska, ba ruwanta da ko yatsa ne ya aiko shi ko haɓa. Saboda haka duk wata gaɓa da mutum zai iya motsawa da gangan, a lokacin da ya ga dama, za ta iya tsayawa a madadin hannu. Murya, kai, ido, leɓe, numfashi, yatsan ƙafa, kowanne an ƙera masa na'urar da ke mayar da motsinsa ya zama umarni.

Mutumin da ya yi rubutu da kunci

Labarin da na fara ba ƙanena shi ne na Farfesa Stephen Hawking, masanin kimiyyar sararin samaniya ɗan Ingila. An haife shi a 1942. Yana ɗan shekara 21 likitoci suka gano yana da cutar da ake kira ALS, wadda ke kashe jijiyoyin da ke sarrafa tsokoki sannu a hankali, suka ce da wuya ya wuce shekara biyu. Ya rayu har 2018.

A 1985 ciwon huhu ya kama shi a ƙasar Suwizalan. Aikin da aka yi masa a maƙogwaro don ceto ransa ya tafi da muryarsa baki ɗaya. Na ɗan lokaci hanyar da yake magana ita ce a riƙe masa kati mai haruffa, wani ya riƙa nuna su, idan an zo kan wanda yake so sai ya ɗaga gira. Ku ƙiyasta tsawon lokacin da jimla ɗaya za ta ci.

Daga nan wani mai haɗa manhaja a Kalifoniya, Walter Woltosz, ya aika masa da manhaja mai suna Equalizer. Tana jero kalmomi a fuskar kwamfuta, shi kuma ya zaɓa da makunni guda da yake matsawa da ragowar ƙarfin hannunsa, sannan wata na'ura ta furta abin da ya rubuta. Yakan kai kalma 15 a minti ɗaya. Da wannan ya ƙarasa gyaran littafinsa A Brief History of Time, wanda ya fito a 1988 aka sayar da kwafi sama da miliyan 10.

Da hannun ya gaza gaba ɗaya, sai aka maƙala wata 'yar na'ura a jikin tabarau ɗinsa. Tana harba wani haske da ido ba ya gani, irin wanda rimot ɗin talabijin ke amfani da shi, ta gane duk lokacin da ya motsa tsokar kuncinsa. Alama na zagaya haruffa a fuskar kwamfuta, idan ta iso wanda yake so sai ya motsa kunci. Zuwa 2011 saurinsa ya ragu zuwa kalma ɗaya ko biyu a minti. Injiniyoyin kamfanin Intel, ƙarƙashin jagorancin Lama Nachman, suka haɗa masa sabuwar manhaja mai suna ACAT a 2014, wadda ke hasashen kalmar da zai rubuta kamar yadda wayoyinku ke yi. A 2015 kamfanin ya sake ta kyauta ga duk mai buƙata.

Da na kai nan ƙanena ya ce, "Wannan ai Bature ne, Yaya. Kamfani guda ne ke yi masa hidima." Gaskiya ya faɗa. Sai dai abubuwa da yawa da a zamanin Hawking sai an ƙera wa mutum na musamman, yanzu suna nan kwance cikin wayoyi da kwamfutocin da muke riƙe da su, ba mu taɓa buɗe su ba.

Hanyoyin da ake bi

Ta farko ita ce murya. A kwamfuta mai Windows 11 akwai Voice Access, a na'urorin Apple akwai Voice Control tun 2019, wayoyin Android ma suna da nasu Voice Access. Mutum zai ce a buɗe manhaja kaza, ta buɗe. Idan yana son danna wani wuri, sai ya ce a nuna lambobi. Nan take kowane abin dannawa zai samu lamba, ya kira lambar, kwamfuta ta danna. Yana kuma iya yin shifta tana rubutawa.

Ta biyu ita ce kai. Kyamarar kwamfuta za ta kafa ido a wani wuri a fuskar mutum, misali tsinin hanci ko gefen gira. Ya juya kai dama, kibiya ta yi dama. Ya ɗaga, ta yi sama. Dannawa kuma da tsayawa ake yi: idan kibiya ta tsaya cak a wuri ɗaya na kamar daƙiƙa guda, manhajar ta ɗauka an danna. Malamai biyu, James Gips da Margrit Betke, su suka ƙirƙiro Camera Mouse a Kwalejin Boston da ke Amurka, aka mayar da ita kyauta a 2007. A 2023 kamfanin Google ya fitar da Project Gameface, shi ma kyauta, bayan gobara ta cinye na'urar wani mai wasan bidiyo mai suna Lance Carr, wanda cutar raunin tsoka ta hana shi amfani da hannu.

Ta uku ita ce ido. Wata na'ura siririya da ake liƙawa a ƙasan fuskar kwamfuta tana haska ido da hasken nan marar ganuwa, kyamararta ta auna inda hasken ya faɗa a ƙwayar ido, ta lissafa wurin da mutum yake kallo. Kafin a fara sai mutum ya bi wasu ɗigo da ido don ta san nasa idon. Kamfanin Tobii na ƙasar Suwidin ya yi fice a wannan fanni. Steve Gleason, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka da cutar ALS ta kama a 2011, shi ya ƙalubalanci ma'aikatan Microsoft a 2014 su samar masa hanyar tuƙa kekensa da ido. Daga wannan aiki aka samu Eye Control da ya shigo Windows 10 a 2017. A 2024 kuma Apple ya sa bin ido a cikin iPhone da iPad, da kyamarar gaba kawai. Amma ba kowa wannan hanya ke yi wa ba. Shi kansa Hawking an gwada masa ta ƙi, saboda fatar idonsa na saukowa ta rufe ƙwayar.

Ta huɗu ita ce baki. Mafi sauƙi a nan shi ne sanda marar nauyi da ake riƙewa da haƙora a riƙa danna madannai da ita. Akwai kuma na'ura mai bututu kamar tsinken shan lemo: a busa, ta yi umarni ɗaya, a zuƙa, ta yi wani. Wasu da ita suke tuƙa keken lantarki.

Ta biyar ita ce makunni guda, irin hanyar Hawking. Alama na bin abubuwan da ke fuskar na'ura ɗaya bayan ɗaya, mutum ya tsayar da ita da ƙafa, ko gwiwa, ko haɓa. Tun 2021 wayoyin Android suna da Camera Switches, wanda ke mayar da motsin fuska ya zama makunni: murmushi, ɗaga gira, buɗe baki, duban dama, duban hagu, ko duban sama.

Akwai ta shida da kuka sha ji a labarai, wato dasa na'ura a ƙwaƙwalwa. Tun 2004 wani Ba'amurke mai suna Matt Nagle ya motsa kibiyar kwamfuta da tunani a gwajin BrainGate. A Janairun 2024 kamfanin Neuralink ya dasa wa Noland Arbaugh tasa, aka nuna shi yana buga darar Turawa a kwamfuta ba tare da ya motsa komai ba. Wannan har yanzu gwaji ne da ake yi da mutane ƙalilan, kuma sai an yi tiyata a kai. Na faɗa wa ƙanena kada mu zauna jiran ta.

Abin da muka yi a ɗakinmu

Jarinmu bai wuce tsohuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka mai Windows 10 ba, wadda batirinta ba ya kai awa biyu. Kafin mu taɓa komai sai da Gwaggo ta tambayi likitan gashin ƙashin da ke duba shi ko juya wuya akai-akai zai cutar da shi. Ya amince, da sharaɗin a riƙa hutawa. Duk wanda zai gwada wa mai rauni a wuya ko baya, kada ya tsallake wannan mataki.

Na sauke Camera Mouse, na ɗora kwamfutar a kan tebur na tallafe ta da littattafai biyu daga cikin buhun nan har kyamara ta yi daidai da fuskarsa. Na danna hoton tsinin hancinsa, wani ɗan akwati kore ya kama wurin. Sannan na buɗe madannan da ke fitowa a fuskar kwamfuta. Kowace Windows tana da su. A danna maɓallin Windows da Ctrl da harafin O a tare, za su bayyana. A cikin saitinsu akwai zaɓin da ke sa harafi ya rubutu idan kibiya ta ɗan tsaya a kansa.

Ranar farko ba ta yi daɗi ba. Kibiya ta yi ta tsalle kamar fara, ya nufi harafin B ya samu N, ya yi atishawa akwatin ya bar hanci ya koma kan kunne. Bayan minti 20 ya ce wuyansa ya gaji, in ɗauke abin nan daga gabansa. Na ɗauke. Washegari na gano laifina ne: na zaunar da shi taga na bayansa, fuskarsa ta yi duhu, kyamara ba ta ganin sa sosai. Muka juya keken ya fuskanci taga, na rage saurin kibiyar, na ƙara tsawon lokacin tsayawa don kada ta riƙa danna abin da bai nufa ba.

A rana ta huɗu ya rubuta sunansa ba kuskure. A mako na biyu ya buɗe wani tsohon kundin tambayoyin Bayoloji da na sa masa, yana sauka yana hawa da kansa. Wata rana da yamma Gwaggo na tsakar gida tana tankaɗe wayarta ta yi ƙara. Ta miƙo mini in karanta mata. Saƙo ne daga ɗakin da ke bayanta: "Inna a kawo min ruwa." Ya fi minti uku yana rubuta shi, alhali da ya ɗaga murya da tuni ta ji. Ta kai masa ruwan, ta daɗe ba ta fito ba.

Inda gizo ke saƙa

Kada ku ɗauka komai ya tafi sumul. Na farko, wuta. Idan aka ɗauke da dare, ga batiri na ƙarewa, ga duhun da ke makantar da kyamara. Muka koma yin karatu da hantsi, muka kuma sayi fitila mai caji da ake ajiyewa a gabansa.

Na biyu, harshe. Manhajojin ba da umarni da murya Turanci suka fi ji, kuma Voice Access na Windows ba ya jin Hausa. Ko Turancin ma, da muka gwada a waya, wani lokaci sai ya maimaita kalma sau uku kafin ta gane lafazinsa, musamman idan yara na hayaniya ko janaretan maƙwabta na ruri. An ɗan samu ci gaba: a 2024 Google ya sanar da ƙara Hausa cikin harsunan da ake iya yi wa madannan Gboard shifta. Da shi yake tura wa abokansa saƙo yanzu.

Na uku, kuɗi. Na'urorin bin ido da na busawa daga waje ake shigo da su, kuma sun fi ƙarfin yawancin gidajenmu. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya nuna mutum sama da biliyan 2.5 ne ke buƙatar wani kayan tallafi, kama daga tabarau da keke zuwa na'urar magana, kuma kusan biliyan 1 daga cikinsu ba su samu ba. A wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu buƙata ke samu.

Na huɗu, sauri. Wanda ke rubutu da kai ba zai kamo mai yatsu goma ba. Ƙanena na buƙatar ƙarin lokaci a kowane aiki, kuma malamin da bai fahimci haka ba zai ɗauka lalaci ne.

To, batun JAMB fa?

Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Abin da ƙanena bai sani ba shi ne ana iya amsa ta ba tare da linzami ba. Maɓallai kaɗan ake buƙata: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Wani kafinta a layinmu ya fere mana siririyar sanda marar nauyi, muka sa robar da ake iya wankewa a gefen da ake cizawa, muka ɗaura abin goge fensir a tsininta don kada ta zame. Da ita yake atisayen danna waɗannan haruffa.

Hukumar JAMB ta kafa wani kwamiti a 2017, ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, mai kula da jarrabawar makafi da sauran masu buƙata ta musamman. Sannan akwai dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta tabbatar musu da haƙƙin neman ilimi, ta kuma kai ga kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020. Shawarar da muka yanke ita ce mu bayyana lalurarsa tun ranar rajista, mu riƙe takardar likita, mu nemi bayani a rubuce kan abin da za a bar shi ya shiga da shi. Kada a bari sai ranar jarrabawa a tsaya jayayya da mai gadi a bakin ƙofa.

Naku aikin

Ku ɗauki wayar gidanku yau, ku shiga saiti, ku nemi sashen da aka rubuta Accessibility. A kwamfuta kuma maɓallin Windows da harafin U za su kai ku can. Ku kunna ɗaya daga cikin abubuwan da na lissafa, ku harɗe hannuwa a baya, ku gwada tura saƙon "ina kwana" ga abokinku. Minti goma sun isa ku gane wahalar, ku kuma koyi yadda ake saita abin. Ranar da wani zai buƙata, ku ne za ku nuna masa.

Idan akwai mai irin wannan lalura a ajinku, ga abin da ƙanena ya ce in faɗa muku. Kada ku fizge linzami ku ƙarasa masa aiki don kun ga yana jinkiri. Ku tambaya tukuna ko yana son taimako. Kada ku tsaya tsakaninsa da hasken da kyamara ke buƙata. Kada ku taɓa sandar bakinsa da hannu, domin baki take komawa. Idan kuma kuna da ƙungiyar kwamfuta a makaranta, ku roƙi malaminku a ware na'ura ɗaya a ɗakin kwamfuta a saita ta don masu wannan buƙata, a ajiye ta kusa da ƙofa inda keke zai iya shiga.

Masu sha'awar karanta kwamfuta a jami'a kuma, ga aiki na jiran ku. Kafin na'ura ta ji harshe sai an tara mata muryoyin masu harshen da yawa. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin sa-kai, kuma akwai Hausa a ciki: ka karanta gajeriyar jimla, a naɗa, wasu su saurara su tabbatar. Bakano da Basakkwace da Bazazzagi ba lafazinsu ɗaya ba, kuma kwamfuta ba za ta san haka ba sai mun koya mata.

Ƙanena bai koma aji ba tukuna. Makarantarsu akwai matakala uku a ƙofar ajin, kuma Kawu na ta zirga-zirga kan yadda za a yi wa keke hanya. Amma ranar da zan dawo makaranta na tarar buhun nan babu komai a ciki, an jera littattafan a kan tebur. Ya ce in tsaya, ya juya ga kwamfuta, na tsaya da jaka a kafaɗa ina kallon kibiya na bin haruffa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rubuta shi ne: "Yaya ka turo min na Kemistiri."